Adireshin da ke rubuce ba shi ne adireshin ba: lacca kan bishiyar na'urori da direbobin kanel

Bismillahir rahmanir rahim. Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. A ɗan rage fankar nan don Allah, tana cinye min murya.

An ce in yi magana kan yadda direba, wato shirin da ke sarrafa na'ura, a cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, yake gano inda na'urarsa take zaune, wato adireshinta. Na shirya abubuwa huɗu. Na farko, daga ina bishiyar na'urori, wato device tree, bayanin da ke lissafa wa kanel na'urorin da ke cikin inji, ta fito. Na biyu, yadda ake karanta reg. Na uku, ranges. Na huɗu, kurakuran da muke tafkawa. In Allah ya yarda za mu gama kafin la'asar.

Na farko ba zan daɗe a kansa ba. A kwamfutar tebur, in ka soka kati a PCI ko ka jona abu a USB, na'urar da kanta take faɗin sunanta. Amma ƙananan na'urorin da ke cikin guntun ARM, wato chip irin na wayoyin hannu da ƙananan kwamfutoci, irin su UART mai aika saƙo ta waya, da GPIO, ƙafafun da ake kunnawa da kashewa, da mai ƙidayar lokaci, bebaye ne. Ba sa cewa ga mu nan. Dole wani ya gaya wa kanel cewa akwai kaza a adireshi kaza. Da can, kowane allo, wato allon kwamfuta da aka dasa guntun a kai, da nasa fayil na C da aka cusa lambobin a ciki, har fayilolin suka yi wa kanel katutu. A shekarar 2011 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya fusata da mutanen ARM kan wannan tarkace, daga nan aka rungumi bishiyar na'urori gadan-gadan. Ita kuwa bishiyar ba sabuwa ba ce. Asalinta daga Open Firmware ne, wanda ya faro a injinan kamfanin Sun, aka mai da shi ƙa'idar IEEE 1275 a 1994, Apple kuma ya yi amfani da shi a kwamfutocinsa masu PowerPC. Ku riƙe sunan Apple ɗin nan, zai dawo mana.

To, na biyu. Kowace na'ura reshe ce a jikin bishiyar, kowane reshe kuma yana da uwa. A cikin reshen akwai layin da ake kira reg. Bari in rubuta na UART ɗin ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi a allon rubutu:

reg = <0x7e201000 0x200>;

Lamba biyu ke nan. Ta farko inda rajistocin suka fara, wato wuraren da direba ke karantawa da rubutawa don sarrafa na'urar, ta biyu faɗinsu, bayit 512. Amma wa ya ce maka lamba biyu ne, ɗaya adireshi ɗaya faɗi? Ba reshen ne ya faɗa ba. Uwarsa ce ta faɗa, da layuka biyu: #address-cells da #size-cells. Kowane cell, wato gurbi, bit 32 ne. In uwa ta ce adireshi gurbi ɗaya, faɗi gurbi ɗaya, to haka za ka karanta. In ta ce biyu da biyu, to lambobi huɗu ne suke ba ka yanki guda. Kamar mudu ne a kasuwa. Mai hatsi ba shi yake zuwa da mudun da ya ga dama ba, mudun kasuwar ake awo da shi. Ina maimaitawa saboda nan ake faɗuwa: mudun uwa ake auna reg na ɗa. Wanda ke rubuce a cikin reshen kansa na 'ya'yansa ne, ba nasa ba.

Sai kuma wani abu ƙarami mai cizo. Lambobin da ke cikin fayil ɗin da aka haɗa, dtb, babban bayit ne a gaba, alhali ARM ɗinmu yawanci ƙaramin bayit yake sa wa a gaba. In ka ɗebo 0x7e200000 kai tsaye ba ka juya ba, abin da za ka gani shi ne 0x0000207e. Kai da ganin wannan lambar ka san ka manta be32_to_cpu, mai juya maka bayit ɗin. Masu wannan aikin ma da barkwancinsu, lambar da ke buɗe kowane dtb ita ce 0xd00dfeed. Ku je ku duba.

Yanzu mun zo inda nake so. Ku gyara zama.

Wannan 0x7e201000 da na rubuta, in ka kai shi wurin ioremap, mai buɗe wa direba hanyar taɓa adireshin na'ura, a Raspberry Pi, ba UART za ka samu ba. Babu UART a nan a idon ARM. To ƙarya bishiyar ta yi? A'a. Adireshin gaskiya ne, amma a unguwarsa. Guntun Broadcom da ke cikin Pi, asali injin hoto ne mai suna VideoCore, ARM ɗin kamar ɗan haya ne da aka ba ɗaki a gidan. Shi VideoCore yana ganin na'urorin daga 0x7e000000, kuma takardar bayanin guntun da Broadcom ya fitar da waɗannan lambobin take magana. ARM kuwa ta wata taga daban yake leƙo su.

Kun san in ka tambayi mutum a ƙauye ina gidan wane, sai ya ce maka gida na uku bayan masallaci. Bai yi ƙarya ba. Amma in ka ɗauki wannan kwatancen ka shiga Kano da shi, sai dai Allah ya kiyaye. (dariya) Sai ka san wane masallaci, a wace unguwa, a wane gari. To ranges shi ne mai gaya maka inda unguwar take a cikin gari.

Ga na Pi na farko, na 2012, a reshen da ake kira soc:

ranges = <0x7e000000 0x20000000 0x02000000>;

Abu uku ne. Adireshi a wurin ɗa, adireshi a wurin uwa, sai tsawo. Ma'ana, abin da 'ya'yana suke kira 0x7e000000, uwata tana kiransa 0x20000000, har tsawon megabayit 32. Lissafin kuwa na ɗan firamare ne. Ɗauki 0x7e201000, cire 0x7e000000, saura 0x201000. Ɗora shi kan 0x20000000. Nawa ke nan? Ƙanwata da ke gaba, faɗa da ƙarfi. Yawwa, 0x20201000. Nan UART yake.

Sai Pi 2 ya fito a 2015. Na'urorin suna nan yadda suke, reg bai canza ko ɗigo ba, amma tagar ta koma 0x3f000000. Pi 3 ma haka. Sai Pi 4 a 2019, ta koma 0xfe000000. UART guda, layin reg guda, adireshi uku: 0x20201000, 0x3f201000, 0xfe201000. Direban da ya bi ta bishiya bai ma san an yi ƙaura ba.

Ni kuwa na sani, domin ta ci ni. Na taɓa rubuta wani ɗan shiri mai kunna fitila ta GPIO, na kafe 0x20200000 a ciki da hannuna, yana aiki lafiya lau. Aka kawo min sabon allo, na ɗora, fitila ta ce ba ta san zancen ba. Na canza fitilar. Na canza waya. Na zargi mai sayar da allon, har na shirya maganar da zan gaya masa. Kwana biyu ina wannan, ga zafi, ga wuta ana kawowa ana ɗaukewa. Ashe ni ne nake ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da mutanen suka tashi. Abin da ya fi ban tsoro ma, a sabon allon wannan adireshin ba kango ba ne, RAM ne, wato ina ta rubutu a cikin kayan wani. Allah ne ya rufa asiri.

Ku tsaya, ban gama da Pi 4 ba, domin a nan daɗin yake. Ga layinsa na farko:

ranges = <0x7e000000 0x0 0xfe000000 0x01800000>

Ku ƙirga. Huɗu ne, ba uku ba. Me ya faru? Har yanzu abu uku ne, amma na tsakiya ya ci gurbi biyu. Domin a ranges mudu uku ake aiki da su lokaci guda. Adireshin ɗa, da #address-cells na wannan reshen. Adireshin uwa, da #address-cells na uwar. Tsawo, da #size-cells na wannan reshen. A Pi 4 saiwar bishiyar ta ce adireshinta gurbi biyu ne, saboda RAM ɗin ya kai inda bit 32 ba zai ishe shi ba. Shi ya sa sifili ya shigo gaba.

Wannan sifilin ya kunyata mutane da yawa. Akwai shirye-shiryen da suka ga sun waye, suka daina kafe lamba, suna buɗe /proc/device-tree/soc/ranges su tsallake bayit huɗu su karanta na gaba. A Pi 1 daidai, a Pi 2 daidai, a Pi 3 daidai. A Pi 4 sai suka kwaso sifili. Gyaran da aka yi a wurare da dama shi ne, in ka ga sifili, matsa gaba bayit huɗu. Yana aiki, ban ce ba ya aiki ba. Amma ni a wurina wannan ɗinkin tsumma ne. Ba ka karanta mudun ba, ka dai yi sa'ar hatsin.

Kuma fassarar ba sau ɗaya ake yi ba. In bas yana cikin bas, sai ka fassara ka hau wurin uwa, ka sake fassarawa da ranges nata, ka hau wurin kaka, har ka kai saiwa. Sai a saiwa ne lambar ta zama adireshin da ARM ya sani. Wani zai ce bas kuma? E, bas, amma ba mai kwandasta ba. (dariya) Layin da na'urori suke rataye a jiki ke nan.

Ina muke? Na uku ko na huɗu? To ku ce na huɗu. Lokaci ya tafi, bari in yi sauri.

Maganar gaskiya, duk wannan lissafin da na sa ku, ba ku ne za ku yi shi a direba ba. An riga an rubuta shi a drivers/of/address.c. Lokacin da kanel yake tashi, yana bin rassan da aka yi wa alamar simple-bus, yana ƙirƙirar na'ura ga kowane ɗa, yana fassara reg ya ajiye. Kai a cikin probe, wato aikin direba da kanel ke kira idan ya haɗa shi da na'urarsa, sai ka kira devm_platform_ioremap_resource, ka ba shi na'urar da lamba sifili, ya miƙo maka wurin da za ka yi readl da writel, wato karatu da rubutu. In yankunan suna da yawa, akwai reg-names, ka nema da suna. In kana wurin da babu na'urar tukuna, kamar mai ƙidayar lokaci da ke tashi da wuri, akwai of_iomap da of_address_to_resource. Abin da ba na so in gani shi ne of_property_read_u32 a kan reg. Wanda ya yi haka ya tsallake fassara gaba ɗaya, kuma zai yi aiki a allon da tagarsa ta zo daidai, ya mutu a na gaba. PCI kuma adireshinsa gurbi uku ne, na farkon ba adireshi ba ne, bayani ne kan irin yankin, wannan laccar wata rana ce. Akwai kuma dma-ranges, wanda yake kallon ta ɗaya gefen, yadda na'ura take ganin RAM. A Pi 4 yawancin na'urorin da ke ƙarƙashin soc gigabayit ɗaya na farko kaɗai suke iya kaiwa. Shi ma wata rana.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, malam.

(Mai tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Ni na ga wani reshe an rubuta ranges kawai da waƙafi mai ɗigo (;), babu lamba ko ɗaya. Wani kuma babu ranges ɗin sam. Ba duk ɗaya ba ne?)

Kai, Allah ya yi maka albarka. Da na tafi ban faɗi wannan ba, da na cuce ku. Ba ɗaya ba ne, kishiyoyi ne ma. In an rubuta ranges babu komai, ma'anarsa adireshin ɗa shi ne na uwa, wuce kawai babu canji. In babu shi sam, ma'anarsa babu hanya. 'Ya'yan wannan reshen ba sa cikin taswirar uwa, kada ma ka nema.

Misali, ka jona agogon DS3231 a bas ɗin I2C. Za ka rubuta reg = <0x68>, uwar kuma ta ce #size-cells sifili ne. Wannan 0x68 ba wuri ba ne a ƙwaƙwalwar injin, lamba ce da ake kira a kan waya biyu, mai ita ya amsa. A bas ɗin SPI kuwa reg lambar layin zaɓen guntu ce. Ka ga babu abin fassarawa, shi ya sa uwar ba ta da ranges. In ka nemi kanel ya fassara, zai ce maka bai yiwuwa, kuma gaskiyarsa ne.

Inda abin yake ciwo shi ne ka ƙirƙiri naka bas, ka sa simple-bus, ka manta ranges. Direbanka zai tashi, probe zai gudana, sai ya nemi yankinsa a ce babu. Ka duba reg ka ga lafiyarsa ƙalau, ka yi ta zagin direba, alhali laifin yana hawa ɗaya a sama, kalma guda ce da waƙafi ta ɓace.

Kun tuna na ce ku riƙe Apple? To wasu tsofaffin injinansu na PowerPC sun zo da bishiyar da babu ranges a inda ya kamata a ce akwai shi fanko. Sai aka sa wa kanel wata 'yar ƙofa ta musamman, in ya ga irin waɗannan injinan ya ɗauka kamar an rubuta. Ƙofar tana nan a address.c, amma ba taka ba ce, allonka na ARM ba zai shiga ta nan ba.

(Mai tambaya: To Malam, ta yaya zan tabbatar abin da kanel ya fassara?)

Buɗe /proc/iomem, amma da sudo, in ba haka ba sifili zai nuna maka ko'ina. Za ka ga adireshin bayan fassara da sunan wanda ya kama shi. Ita kuma bishiyar da injin yake aiki da ita yanzu, ba wadda kake zaton ka ɗora ba, ka ce dtc -I fs -O dts /proc/device-tree, zai zubo maka ita. Ka dubi reshenka, sannan ka ɗaga kai ka dubi uwarsa. Akwai Pi 4 a jakata, wanda yake so ya gani da idonsa ya same ni bayan salla. Na ji an fara kira. Wa ke da makullin ɗakin nan, kada a rufe mana kaya a ciki?