Sharhi: Abin da Ya Sa Zombi Ya Ƙi Barin Fina-finai

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau a kan zombi ne, wato gawar da ke tashi tana farautar masu rai, wadda ta cika fina-finan ban tsoro har ta kutsa littattafan zane na jarumai irin su Spider-Man da Superman.

Tushen labarin a Haiti yake. A can, zombi mamaci ne da ake cewa boka ya tayar ya sa shi noma, ba lada ba hutu, tsoron da ya samo asali daga bautar da aka yi wa 'yan Afirka a gonakin rake. Wannan zombin ba ya cin kowa, shi ne ma abin tausayi, kuma abin takaici ne yadda masu kallo da dama ba su san haka ba. Amurka ta mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, labarin ya tsallaka teku, aka yi fim ɗin White Zombie a 1932.

Mai cin naman mutane sai a 1968 ya bayyana, lokacin da George Romero ya shirya Night of the Living Dead da kimanin dala dubu 114. Kamfanin da ya rarraba fim ɗin ya sauya masa suna, ya manta bai sa alamar haƙƙin mallaka ba, dokar Amurka ta wancan lokaci kuwa ta mayar da shi na kowa. Aka yi ta nuna shi ba a biyan ko sisi, ƙa'idojinsa suka bazu: wanda aka ciza ya mutu ya tashi, kuma ba ya faɗuwa sai an same shi a ka.

Babban sirrin farin jinin zombi shi ne araha. Masu kwalliyar fim kan kasa 'yan wasa kashi uku. Na gaban kyamara ana manna musu fuskar roba da haƙora, aikin da ke cin sa'o'i. Na tsakiya fenti ya wadatar, na can baya kuwa abin rufe fuska da tsumma. Ruɓaɓɓiyar fata ana yin ta da ruwan roba da takardar goge hannu, shimfiɗa uku ko huɗu, kowacce ta bushe kafin a ɗora wata, sannan a yage a cusa launi a ciki. Sai an shafa man basilin a gira, in ba haka ba robar ta tuge gashi, kuma a fara gwada ta a wuyan hannu domin jikin wasu ba ya karɓarta. Jini kuwa, kofi ɗaya na ruwan sukarin masara, cokali ɗaya na jan launin abinci, da ɗigo biyu na shuɗi. Idan babu shuɗin, jinin zai fito kamar fenti. Fitila ma tana yaudara: a Dawn of the Dead na 1978, launin toka da Tom Savini ya shafa wa 'yan wasa ya fito shuɗi a majigi.

A littattafan zane, a da ƙofa a rufe take. Dokar da mawallafan Amurka suka kafa wa kansu a 1954 ta haramta gawa mai tafiya. Har kamfanin Marvel ya riƙa rubuta "zuvembie" don kauce wa masu tacewa, sai a 1989 aka ɗage haramcin. Marubuci Robert Kirkman ya fara The Walking Dead a 2003, wanda daga baya ya kai fitowa 193, ya kuma rubuta Marvel Zombies a 2005.

A nan marubuci ke haɗuwa da matsala: jarumin da ke ɗaga mota, ina gawa mai jan ƙafa za ta tsorata shi? Sai a Marvel Zombies aka sa cutar zombi ta kama jaruman da kansu, suna riƙe da ƙarfinsu da hankalinsu, yunwa ce kawai ke juya su, suna sane da wanda suka cinye. Kamfanin DC ya bi wata hanyar a DCeased na 2019, inda cutar ke shiga mutum ta allon waya da kwamfuta, kallo ɗaya ya isa.