Jarkar Mai a Bakin Fadama: Lacca kan Tallafin Gwamnati ga Karkarar Kebbi

(An ɗauki wannan lacca a wani taron manoma da ɗalibai a Birnin Kebbi, aka rubuta ta kamar yadda mai magana ya yi ta.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, sarakunan noma da ke gaba, da ku 'yan makaranta da kuka cika baya. Na baya kuna jina? To madalla.

An ce in yi magana kan abin da gwamnati ke yi wa tattalin arzikin karkara. Abu huɗu na rubuto a takarda: bashi, ruwa, hanya da kasuwa.

Kafin na farko, bari mu ɗan waiwaya, don yaran nan ba su san an daɗe ana wannan abu ba. A 1975 aka kafa shirin raya aikin gona na Gusau tare da na Funtuwa da Gombe, da kuɗin Bankin Duniya. Daga nan aikin malaman gona ya bazu ƙauye-ƙauye, irin aikin da na yi har na ajiye. A 1976 Obasanjo ya zo da shirin ciyar da ƙasa, a 1980 Shehu Shagari ya zo da nasa, a 1986 Babangida ya kafa hukumar hanyoyin karkara da rijiyoyi. Ga madatsar Bakolori a Talata Mafara, wadda a 1980 aka zubar da jinin manoma a kanta saboda rikicin diyyar gonakinsu, Allah Ya jiƙansu. Ga madatsar Goronyo. Sai shirin Fadama, tun farkon shekarun 1990. Shiri dai ba mu taɓa rasawa ba.

To, na farko, bashi. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya zo nan garin ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Banki. Da yawanku kuna wurin. Tsarin shi ne a ba manomi iri da taki da magani a matsayin rance, ruwansa bai wuce kashi 9 cikin 100 ba, in ya girbe ya biya da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, kamfanin casa ya saye. A ƙarshen 2016 buhun shinkafar Lake Rice ya shiga kasuwar Legas, yarjejeniyar Bagudu da Ambode, gwamnonin Kebbi da Legas na lokacin. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga na Labana nan gida. Ni shaida ne, mutanen da ba su taɓa riƙe miliyan ba sun riƙa. An rufa ɗaki da kwano, an aurar da 'ya'ya, an je Makka. Duk wanda ya ce shirin bai yi komai ba, bai shiga Suru ko Augie a shekarun nan ba. Zan dawo kan maganar biya.

Na biyu, ruwa. A nan zan zauna, ku yi haƙuri da ni.

Jama'a, arzikin shinkafar Kebbi na rani ne. Ta damina tana hannun gulbi; kun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi, shinkafa ta kusa nuna ruwa ya shafe ta tun daga Argungu har Bagudo. Amma da rani rana ta wadata, ciyawa da sauƙi, ga ruwa kwance ƙarƙashin fadama, ba nisa. Kakanninmu da jigo suke ɗaga shi, guga ɗaya-ɗaya, shi ya sa gonar rani ba ta wuce 'yan fangalai na albasa da tattasai. Abin da shirin Fadama ya yi mana, wanda har gobe nake yi wa waɗanda suka kawo shi addu'a, shi ne ɗan bututun nan da ake kafawa a ƙasa, da ƙaramin injin ban ruwa. Injin da mutum zai ɗaure bayan babur. Wannan ɗan injin shi ya mai da fadamar gulbin Rima gonar shinkafa, tun kafin kowa ya zo da bashi.

Amma injin fetur yake sha. Ita kuwa shinkafa, irin Faro 44 da muke dasawa, kusan wata huɗu take so ƙafarta na cikin laima. Ba ta san an yi tsadar mai ba. In ka yi mata fashin ban ruwa lokacin da take ɗaukar ciki, ka gama. Za ka ga zangarniya tsaye fara fat, ka murza a tafin hannu, ƙaiƙayi. Ka sa takin kamfa, ka sa yuriya, ka biya masu dashe, ka kwana korar tsuntsayen jan-baki, duk ya tafi saboda jarka biyu ta mai da ba ka samu ba a mako ɗaya. Mako ɗaya, jama'a!

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mutumin birni ya ji abin a kuɗin mota. Mu a gona muka ji shi. Ranin da ya biyo baya na je fadamar wani dattijo da na daɗe ina aiki da shi. Na tarar ya ja layi da fartanya ya raba gonar biyu, rabi kore shar, rabi ƙasa ta tsattsage. Injin na gefe an lulluɓe shi da buhu, jarka a kife. Ya ce mini, "Malam, duka ɗiyana ne, amma rabi nika iya shayarwa." Wallahi ban sami abin ce masa ba. Shekara talatin ina koya wa mutane tazarar dashe da lokacin zuba taki, ranar na ga ashe jarkar nan ce ke riƙe da komai.

Shi ya sa nake cewa, in gwamnati naira ɗaya gare ta ta karkarar Kebbi, ta sa ta a ruwa. Taki a kasuwa yake, ko da tsada mutum zai sayi tiya biyu ya lallaɓa. Ruwa ba a lallaɓa shi. Manoma da kansu sun fara nemo mafita, wasu sun juya injinsu ya koma aiki da tukunyar gas ta girki. Gwamnatin jiha kuma ta raba injina masu aiki da hasken rana, kuma wannan hanya ce mai kyau, na yaba. Ranar da ke ƙona mu a Maris da Afrilu ita ce za ta ɗaga mana ruwa kyauta. Sai dai ina roƙon abu biyu. Ya isa hannun mai laka a ƙafa, kuma ya isa a Nuwamba, kafin a zuba iri a reno. Injin da ya zo a Fabrairu ya tarar mutum ya riga ya yanke shawarar rabin gona. Kuma a koya wa yaranmu gyara. Ku 'yan jami'ar Aliero da na kwalejin kimiyya, ina kuke? Ɗaga hannu. To ga sana'a. Farantin sola ya yi ƙura ko waya ta tsinke a Bunza, bai kamata a jira wani daga Kano ba. Kowace gunduma a samu yaro biyu da jakar kayan aiki.

Na ga mutanen Aliero suna harara ta, wai tun ɗazu shinkafa nake ta yi. Ban manta da albasa ba, ai ƙanshinta ya riga ku shigowa zauren nan. (Dariya.) Ita ma ruwan take sha, sai dai nata ciwon rumbu ne: a tone ta lokaci ɗaya, farashi ya faɗi, wadda aka ajiye ta ruɓe.

Na uku... ko na huɗu muke? An miƙo mini takarda saura minti biyar. Hanya dai kun san ta: buhu ya fito daga fadama a kan jaki ko amalanke, kuɗin ɗauko shi zuwa titi ya ci ribar. Kasuwa kuma, an rufe iyaka a Agusta 2019 shanshera ta yi daraja, a 2024 aka ɗage harajin shigo da hatsi na wani lokaci, farashi ya sauko bayan manomi ya riga ya sayi mai da tsada. Manomi yana buƙatar sanin inda gwamnati ta dosa kafin ya dasa.

Na'am, Hajiya? A ba ta abin magana.

(Wata mata daga cikin taro: "Malam, kun ce za ku dawo ga maganar biya ba ku dawo ba. Mu mata masu gumi, da anka raba bashin nan ba a sa mu ba. Maza sunka amsa, wasu ba su biya ba, yanzu an ce babu na kowa. Mu mi munka yi?")

Hajiya, kin yi gaskiya, kuma na gode da kika tuna mini. Bashin nan da yawa bai dawo ba. Wasu ambaliya ta cinye su, waɗannan uzurinsu a fili yake. Wasu kuwa ba su da ko fangali ɗaya, sunansu kawai ya shiga takarda, suka sayar da takin a bakin sito. Wasu suka ce rabonsu ne na arzikin ƙasa. Bashi kuwa hanji ne, kuma Musulmi ya san matsayin wanda ya mutu da shi. Su suka toshe ƙofar da ku za ku shiga.

Ku kuma ba ku yi komai ba. Ke ce za ki sayi buhu a kasuwar Jega, ki jiƙa, ki turara a rabin ganga da itacen da kika saya, ki shanya a tabarma kina korar kaji, ki kai inji, ki auna a kwano. Kuɗinki yana juyawa kowane mako, na mai gona sai bayan wata huɗu. Kuma duk shekarun da na yi ina zagaya ƙauyuka, adashin mata ban ga yana mutuwa ba sai da babban dalili. In ni ake tambaya wa za a fara ba rance gobe, ku zan nuna. Ku nawa ne a ƙungiyarku? Kuna da rajista? To kada ki tafi. Bayan an sallame la'asar ki same ni nan bakin ƙofa da littafin adashin naku, akwai jami'an hukumar aikin gona a zauren nan, tare za mu je wurinsu.