Awon Igiya da Hanyar da Aka Hana Mu

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu unguwanni, malamai, 'yan'uwa maza da mata, barkanku da zuwa. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka ba zan yi dogon sharar fage ba.

Wanda ya san Kano shekara 30 baya ya san Rijiyar Zaki da Gaida bayan gari ne, gonaki sun fi gidaje yawa. Yau je ka gani. Yadda abin yake faruwa kuwa kowa a nan ya sani: mai gona ya rasu, magada su kira dillali, a zo da igiya a yanka filotai. Shi dillali, duk taku ɗaya da aka bar wa hanya, a ganinsa kuɗi aka zubar. Sai a bar ɗan siririn layi a ce ga hanya nan. Mai gini ya zo ya fito da dakali. Maƙwabcinsa ya haƙa sokawe a waje, don kada ya ci masa tsakar gida. Na gaba ya fasa shago, ya kafa rumfa. To me ya rage?

Na baya da wuya ku ji ni, a ɗan ƙara lasifikar.

A layinmu ake wani gini bara. Tifa ta shigo da yashi daidai tashin 'yan Islamiyya, ba wurin juyawa, sai direba ya kama ja da baya. Da idona na ga yara sun manne da bango, wata yarinya ta rungume allonta, takalminta ɗaya a cikin kwata, yaron mota yana dukan bodi yana ihu. Allah ne Ya kiyaye. Ba direban nake zargi ba. An shigo da shi inda ko kurar ɗan garuwa da ƙyar take wucewa.

Ku tuna, tun Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano. Lungun da aka auna da tunanin babur, yanzu Adaidaita Sahu biyu ke cin karo a cikinsa. Gobara ta tashi, motar kwana-kwana ta tsaya can bakin titi, jama'a na gudu da bokiti. Mai naƙuda sai an tallabo ta zuwa inda mota ta iya tsayawa. Akwai lungun da makara ma sai an karkata ta.

Doka kuwa tana nan. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ita ce ke ba da izinin gini. A rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, sai da aka fitar da tituna a taswira kafin a ɗora bulo. Sai dai talaka nawa ne ya iya saye a can? Shi ya sa yake komawa awon igiya, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranku ya daɗe masu unguwanni, takardar cinikin nan gabanku ake kawo ta. Roƙona shi ne, kafin ku sa hannu, ku taka zuwa filin, a nuna muku hanyar, a auna ta kuna tsaye, a rubuta faɗinta a cikin takardar. In dillali ya ce babu wuri, a soke filoti ɗaya daga lissafi.

Na ga an miƙo takarda, lokaci ya yi. Mai tambaya ya ɗaga hannu.