Me ya sa Lean ta ƙi yarda cewa 0 + n = n?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun makon jiya ɗalibai daga Birnin Kebbi da Aliero ke turo min hoto iri ɗaya: jan layin kuskure a allon kwamfuta idan sun nemi Lean ta yarda cewa 0 + n = n, tare da tambaya, "Malam, ko manhajar ce ta lalace?" Lafiyarta ƙalau.

Ga wanda bai san ta ba, Lean manhaja ce mai tantance hujjar lissafi. Leonardo de Moura ya fara gina ta a Microsoft a 2013. Kai ke rubuta hujja, ita kuma tana bin ka sawu da ƙafa. Tana buɗewa a burauza, ba sai ka ƙone data wajen saukewa ba.

To, ku kalli allo. Na rubuta n + 0 = n (n na nufin kowace lambar ƙirga, daga sifili zuwa sama), na sa rfl, wato umarnin da ke ce wa Lean ta duba ko ɓangarori biyu abu guda ne. Ta karɓa nan take. Yanzu na juya shi: 0 + n = n, rfl ɗin dai. Kun ga ja?

Dalilin yana cikin yadda aka koya mata tarawa: lambar dama kaɗai take dubawa. Ɗauki mai lodin shinkafa a Argungu. Mota tana hagu, buhuna suna ƙasa ta dama, yana ɗorawa ɗaya bayan ɗaya. In ƙasa babu buhu, aiki ya ƙare, abin da ke cikin mota shi ne jimla. Wannan shi ne n + 0. A 0 + n kuwa motar ce wayam, buhunan ƙasa kuma an lulluɓe su da tamfol. Bai san ko akwai buhu ko babu ba, ina zai sa hannu? Haka rfl take. Lissafawa kawai take yi ta ga ko ɓangarori biyu sun zama abu guda, a nan kuwa lissafin ko tashi bai yi ba.

Sai ka yaye tamfol da induction, wato dabarar kafa hujja da ke raba maganar gida biyu. Ko dai n sifili ne, ko wata lamba ce da ƙarin ɗaya. Na farko rfl ta wadatar. A na biyu ka ware buhu ɗaya gefe, ragowar kuma ga ih, wato zaton da Lean ta ba ka cewa maganar ta tabbata a kansu. Ga shi nan, jan ya ɓace.

Wallahi wannan wurin nake so a zuciyata, shi ya sa nake roƙonku kada ku yi gaggawar sa simp, umarnin da ke sauƙaƙa lissafi da kansa, ko da yake layi ɗaya take gamawa. Ku buɗe Natural Number Game, wasan koyon Lean na Kevin Buzzard, malami a Imperial College da ke Landan. Wannan tambayar ce ta farko a sashen tarawa, ku warware ta da hannunku yau da dare.