Sharhi: Wa Ya Fi Wani Ƙwaƙwalwa?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Shekaranjiya da daddare na tsaya wurin wani mai shayi kusa da kasuwar Wunti a nan Bauchi, sai na tarar ana ta ɗaga murya a kan benci. Wayar wani matashi ce ke yawo hannu zuwa hannu. A cikinta akwai ɗan guntun bidiyo da bai kai minti ɗaya ba: wani ɗan majalisa ya miƙe zai karanta adadin kuɗi da Turanci, ya sarƙe, ya koma baya, ya sake sarƙewa. Wani mai Keke Napep ya yi dariya har shayinsa ya zube masa a wando, yana cewa, "Wallahi wannan ko kan tumaki ba zai iya ƙirgawa ba!" Dattijon da ke gefensa, wanda hularsa kaɗai ta isa ta gaya maka jam'iyyarsa, ya ce, "Kai yaro, tuntuɓen harshe ne, kowa yana yi. Naku fa, da ya yi barci a zauren majalisa?"

Haka aka yi ta yi. In namu ne ya kuskure, gajiya ce. In nasu ne, daƙiƙi ne tun asali. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa yana hango na wani.

To amma bari mu duba abin da doka ta ce, don yawancin masu wannan musu ba su taɓa buɗe ta ba. Tsarin mulkin 1999 bai nemi digiri daga mai neman kujerar zaɓe ba. Sashe na 106 ya ce mai neman kujerar majalisar jiha ya kasance ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, kuma sharaɗin ke nan ga gwamna a sashe na 177, har shugaban ƙasa a sashe na 131. Sannan sashe na 97 ya ba majalisar jiha dama, in ta amince, ta yi zamanta da harshen mutanen jihar tare da Turanci. Wato mutumin da ake wa dariya a bidiyon nan, da an bar shi ya faɗi adadin da Hausa, wataƙila da mun ji ko ya san abin da kuɗin za su yi, ko kuwa takarda kawai aka miƙa masa a ƙofa. Wannan ita ce tambayar, ba lafazinsa ba.

Mu 'yan Bauchi da an taɓo zancen nan sai mu ce, ina irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai muryar zinare? Gaskiya ne, ya iya Turanci har Turawa na sha'awa. Amma malamin makarantar nan ya fara girgiza Arewa ne tun 1950, lokacin da ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a yi wa mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, garambawul, a zamanin da taɓa sarakuna ba wasa ba ne. Ya san matsalar, ya kuma yi ta maza ya faɗa. Da Hausa ya faɗe ta ma, nauyinta ba zai ragu ba.

Kuma kada a ce ina kare marasa karatu. A 2019 majalisar dokokinmu mai kujeru 31 ta wayi gari da kakaki biyu, kowane ɓangare da nasa. Ba ƙarancin takardu ne ya jawo wannan ba, ai masu digiri na ciki.

Kafin in tashi daga wurin mai shayin, na tambayi mutanen biyu: ɗan majalisar mazaɓarku, a wane kwamiti yake? Ƙuduri nawa ya kawo bana? Da ake muhawarar kasafin kuɗi, ya yi magana a kan asibitin unguwarku ko ruwan famfon da ke zuwa daga madatsar ruwa ta Gubi? Mai Keken ya sosa ƙeya. Dattijon ya ce shi dai ya san an raba shinkafa da azumi. Mai shayi, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya ɗago kai daga kaskon ƙwai ya ce, "Malamai, ku biya ni kuɗina, zan rufe."