Sitiroberi da buluberi a ƙasar zafi: wanne zai yi, wanne ba zai yi ba?

Jama'a barkanmu da warhaka. Duk wanda ya je Jos ya ga sitiroberi jajawur a roba a bakin titi, sai ransa ya biya ya ce bari ya sayi dashe ya kai gida Kano ko Sakkwato ko Agadas. To kafin ka kashe kuɗinka ka tsaya ka ji.

Jos fa tana kan tudu ne, kusan mita 1,200, shi ya sa manoman Chaha, wani ƙauye kusa da Jos, suke samun yadda suke so. Sitiroberi yana son yanayi tsakanin digiri 15 zuwa 26, da zarar zafi ya haura 30 sai fure ya ragu, 'ya'yan su ƙanƙance. Mu kuwa watan Afrilu digiri 40 ba labari ba ne. Amma ai muna da hunturu! Ka ɗauke shi kamar alkamar noman rani, ka dasa wajen Oktoba ko Nuwamba, ka ci daga Janairu zuwa Maris, bazara na shigowa ka haƙura. Haka ake yi a Wagadugu, kuma can ma ba sanyi ne da su ba.

Ka ajiye shi inda hantsi zai same shi amma ranar azahar ba za ta doke shi ba, gabas da katanga ko ƙarƙashin raga. Kuma don Allah ban da baƙar leda a tsakar rana, ka sa hannu ka taɓa ta ƙarfe biyu ka ji, saiwar dahuwa take yi a ciki. Tukunyar ƙasa ta fi, sai ka baza buntun shinkafa a sama don danshi ya daɗe.

Buluberi kuwa, wato wasu ƙananan 'ya'yan itace shuɗaye, shi ne mai rigima. Ƙasa mai tsami yake so, pH (ma'aunin tsamin ƙasa, ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kanwa-kanwa) 4.5 zuwa 5.5, alhali ƙasar hamada yawanci ta haura 7, wani wurin ma kanwa-kanwa take yi, ruwan rijiyar kuma ya ƙara mata. Za ka ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa suna nan kore shar, kai kana ta zuba taki kana cewa yunwa ce, nan kuwa sinadarin ƙarfe ne saiwar ta kasa ja. Farar wuta tana sauke pH a hankali cikin watanni, toka kuwa ƙara lalata lamarin take yi, kar ka kusanto da ita. Sannan ga maganar barci, wato hutun da shukar ke yi lokacin sanyi, irin na ƙasashen sanyi sai ya samu awa 800 zuwa 1,000 ƙasa da digiri 7 kafin ya yi furen kirki, ina za mu samo wannan?

Wani zai ce ai Peru a hamada take noma shi har ta zama kan gaba wajen fitar da shi duniya. Gaskiya ne, da iri marasa buƙatar sanyi sosai irin su Biloxi da Ventura, ruwa ɗigo-ɗigo ta tiyo, wasu ma a buhu cike da zaren ɓawon kwakwa. Sai dai hamadarsu a bakin teku take, iska mai sanyi na kaɗa ta, ba irin tamu ba ce.

Itatuwan fure irin su lilak ma sanyin nan suke jira, ganye za su ba ka kawai. In fure kake so nemi wardi, yana jure zafi in ya samu inuwar yamma da ruwa, in kuma 'ya'ya kake so fara da sitiroberi tukunya biyar a hunturun bana ka ga yadda gidanka zai karɓe shi.