Jawabin Maraba ga Billy Slater daga Kwamitin Iyayen Yara 'Yan Zari-ruga na Innisfail

Ranka ya daɗe, babban baƙonmu kuma ɗanmu, barka da zuwa gida. Sannu da hanya.

Kafin a kai ga yabo, ga kukanmu: filin da yaranmu ke atisaye ba shi da magudanar ruwa. Kun fi mu sanin ruwan saman garin nan, ana lissafa shi cikin wuraren da suka fi samun ruwa a duk Ostireliya. Da an yi kwana biyu ana tsuga shi, fili ya zama fadama, yara sai zaman gida.

Aikinku kuwa ba ya buƙatar mai shela. Daga 2003 zuwa 2018 kuna sanye da rigar Melbourne Storm, wasa 319, kun dire ƙwallo a bayan layi sau 190, mafi yawa kuna tsaron baya da lamba 1. Ga kofunan gasar ƙasa na 2012 da 2017, ga lambar Dally M ta gwarzon ɗan wasan shekara a 2011, ga lambar Clive Churchill ta gwarzon wasan ƙarshe har sau biyu. Kun buga wa jiharmu Queensland wasa 31, yau kuma ku ne kocinta. Ƙwallon nan ta 2004 da abokin wasanku Darren Lockyer ya buga da ƙafa, kuka bi, kuka ɗauka, kuka ɗaga ta da ƙafa ta kan mai tsaron bayan jihar New South Wales, har gobe yaranmu na kwaikwayonta, galibi su ƙare cikin taɓo.

Mutanen Melbourne na cewa nasu ne ku. To, su faɗa. A nan bakin kogin Johnstone, tsakanin gonakin rake da ayaba, kuka koyi gudu da ƙwallo. Mu ke raino, kudu ke ɗauka, kuma ba a tuna mu sai an yi bala'i. Guguwar Larry ta kwantar da ayabarmu a 2006, Yasi ta biyo a 2011. 'Yan jarida suka zo, suka ɗauki hoto, suka tafi. Mu muka kwashe kwanon rufi daga fili da hannunmu.

Muna son ƙwallaye da riguna, amma waɗannan sa jira. Magudanar ita ce damuwa. Mun rubuta takardu har mun gaji, shiru kake ji. Ba kuɗin aljihunku muke roƙo ba, bakinku muke so, domin ƙofar da muke ƙwanƙwasawa a Brisbane, babban birnin jiharmu, ku da sallama kawai za a buɗe muku. Ga takardar ƙiyasin aikin, a taimaka a duba ta kafin damina ta sauka.

Allah ya ƙara ɗaukaka, ya maishe ku gida lafiya.